Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Labarin Tsofaffin Ƴan Damben Keji na Amurka

Manoma da makiyaya, masu karatun wannan jarida, ga wani labari daga ƙasar Amurka. Labarin ƴan dambe ne, da na mutanen da ke ba da labarin damben a talabijin. Samari da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai suna kallon wannan dambe cikin wayar hannu. Suna ganin fitilu, da taron jama'a, da zakara ɗauke da ɗamara mai ƙyalli. Amma waya ba ta nuna musu halin da ɗan damben ke shiga bayan shekara goma, sa'ad da gwiwa ta mutu, ido ya dushe, kai ya fara mantuwa. Wannan shafi shi zai bayyana haka.

Wane irin wasa ne?

Turawa na kiran wasan MMA. Ma'anarsa faɗan gauraye. An haɗa dambe da kokowa da harbi da ƙafa wuri guda. A kokowar ƙasar Nijar, da zarar mutum ya kai abokin karonsa ƙasa, wasa ya ƙare. A can kuwa faɗuwa ba ta raba faɗa. Ana bin mutum har ƙasa, a yi ta naushinsa, ko a shaƙe masa wuya, ko a murɗe masa hannu. Ba a bari sai ya suma, ko ya buga tafi ya sallama, ko alƙalin wasa ya shiga tsakani. In lokaci ya cika babu wanda ya sallama, sai alƙalai uku su faɗi wanda ya ci.

Ana yin wasan cikin keji na waya mai kusurwa 8. Turmi 3 ake yi, kowane turmi minti 5. In faɗan neman kambu ne, turmi 5 ake yi. Ana auna nauyin mutane, a haɗa kowa da tsaransa.

Babban kamfanin da ke shirya wasan sunansa UFC. Ya fara a shekarar 1993 a garin Denba. Mata sun fara wasa a cikinsa a shekarar 2013. Ƴan wasansa sun fi 500, daga ƙasashe da yawa. An samu ƴan Afirka da suka riƙe kambu, kamar Kamaru Usman da Israel Adesanya, haifaffun Najeriya, da Francis Ngannou na ƙasar Kamaru.

A yi hankali da dala da dola

Kafin a shiga lissafi, ga wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Kuɗin Amurka ma ana ce masa dala. Amma ba ɗaya yake da dalar kasuwar Nijar ta tamma 5 ba. Don kada a rikice, a wannan shafi an rubuta kuɗin Amurka da sunan dola. A shekarar 2024 dola 1 ta kai wajen tamma 600, wato dala 120. Dola 5 jika 3 ke nan. Miliyar 1 kuwa miliyan dubu ne.

A shekarar 2001 wasu attajirai biyu, wa da ƙane, ƴan gidan Fertitta na garin Las Begas, suka sayi UFC a kan dola miliyan 2. Suka naɗa abokinsu Dana White ya zama shugaba. A shekarar 2016 suka sayar da kamfanin a kan wajen dola miliyar 4. An ninka kuɗinsu sau 2,000 cikin shekara 15. Kamar mutum ne ya sayi ɗan akuya a jika 1, ya sayar da shi jika 2,000. A shekarar 2025 kuma wani kamfanin talabijin mai suna Paramount ya yarda zai biya dola miliyar 7 da miliyan 700 don ya riƙa nuna wasan a Amurka har shekara 7.

Ashe akwai kuɗi a cikin keji. Sai a duba nawa ke isa hannun wanda ake naushi.

Abin da ɗan wasa ke samu

Ɗan wasan UFC ba shi da albashin wata. Ranar da ya shiga keji, ranar ake biyansa. Kuɗin kashi biyu ne: na shiga, da na cin nasara. A shekarun 2020 zuwa 2024, sabon shiga yakan samu dola 10,000 ko 12,000 na shiga, in ya ci a ƙara masa kwatankwacinsa. In an doke shi, rabi kawai zai tafi da shi.

Mai karatu zai ce dola 12,000 ai dukiya ce, tunda ta kai miliyan 7 da jika 200. To ga misali na lissafi. Ɗan wasa ya sha kaye, ya karɓi dola 12,000. Gidan da ya horar da shi ya ɗauki kashi 10 cikin 100, wato 1,200. Wakilinsa mai nemo masa wasa ya ɗauki 1,200, wani ma fiye da haka. Saura 9,600. Gwamnati za ta cire haraji. Akwai abinci na musamman, da hayar ɗaki, da kuɗin iyali, a ƙasar da komai ke da tsada. Kuma wasa sau 2 ko sau 3 ake samu a shekara. In ya ji ciwo ya kwanta wata 8, wata 8 babu ko tamma.

Manyan zakaru kaɗan suna samun miliyoyin dola. Su ake nunawa a waya. Amma su tsiraru ne. Takardun da aka kai gaban kotu sun nuna cewa, cikin shekaru da yawa, abin da dukan ƴan wasa ke rabawa bai wuce kashi 20 cikin 100 na kuɗin da kamfani ke samu ba. A yi misali da gona. An girbe dami 100. Dami 20 aka tura wa dukan masu aikin su raba. Dami 80 ya zauna wajen mai gona, ya biya hidimominsa, sauran ya zuba a rumbu. A manyan wasannin ƙwallo na Amurka, kamar ƙwallon kwando, ƴan wasa na ɗaukar kusan rabi. Dalili kuwa suna da ƙungiya, da baki ɗaya suke ciniki. Ƴan damben keji ba su da ita. Kowa shi kaɗai yake sa hannu a takardarsa.

A takardar, ɗan wasa ba ma'aikacin kamfani ba ne. Ɗan kwangila ne. Shi ya sa ba shi da fansho. A shekarar 2011 kamfani ya buɗe musu inshora, wato asusun biyan likita, ga wanda ya ji rauni wajen horo. Raunin da aka ji cikin keji ma kamfani ke biya. Amma ranar da kwangila ta ƙare, inshora ta ƙare. Ciwon da zai tashi bayan shekara 10, mai shi ne zai ji da shi.

Ranar da ƙarfi ya ƙare

Spencer Fisher ya yi wasa sau 17 a UFC, daga 2005 zuwa 2012. Jama'a na sonsa don ba ya ja da baya. A shekarar 2013, ana shirin wani wasa, likita ya ɗauki hoton kansa, ya ga tabo a ƙwaƙwalwa. Aka hana shi wasa. Kamfani ya ba shi wani ɗan aiki, yana biyansa dola 5,000 a wata. Da aka sayar da kamfanin, sai aka yanke kuɗin a farkon 2017. A shekarar 2021 ya fito ya gaya wa ƴan jarida halin da yake ciki: mantuwa, jiri, ciwon kai, ga shi ba ya iya aiki. Da aka tambayi Dana White, sai ya ce Fisher ba shi ne na farko ba, ba kuma zai zama na ƙarshe ba, haka sana'ar ta gada.

Likitoci sun san wannan ciwo tun da daɗewa a wajen ƴan dambe. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. Duk naushin da ya sauka, sai ta girgiza ta bugi ƙashi. Naushin ranar wasa kaɗan ne a kan na horo, wanda ake sha kullum, shekara da shekaru. Ciwon ba ya nuna kansa da wuri. Sai mutum ya bar wasa sannan a ga yana manta hanya, yana saurin fushi, harshensa na nauyi. Har yau babu maganin da ke warkar da shi.

Mark Coleman shi ne zakaran farko na masu nauyi a UFC, a shekarar 1997. A shekarar 2015 ƙugunsa da aka yi wa aiki ya ruɓe daga ciki. Sai da abokinsa ya buɗe neman taimako a intanet, jama'a suka yi karo-karo. A watan Maris na 2024 gidan iyayensa ya kama wuta da dare. Ya shiga ya fito da uban da uwar, hayaƙi ya kwantar da shi gidan likita. Nan ma jama'a suka sake yin karo-karo. Zakaran duniya ke nan, amma ranar ciwo sai an kewaya da ƙoƙo.

Chuck Liddell da Matt Hughes suna cikin waɗanda suka ɗaga sunan kamfanin. Da suka bar wasa, aka ba su kujeru a ofis da albashi, Liddell a 2010, Hughes a 2013. Kowa ya ɗauka kujerun na har abada ne. A watan Disamba na 2016, wata kaɗan bayan an sayar da kamfani, sababbin masu shi suka sallame su duka biyu. A watan Nuwamba na 2018 Liddell ya koma keji a wani kamfani, yana da shekara 48. Tun a turmin farko aka sumar da shi.

Abin lura a nan shi ne, kuɗin Fisher da kujerun Liddell da Hughes duk alheri ne na mai gida. Babu dokar da ta tilasta su. Da mai gida ya canja, alheri ya tafi da shi.

Masu ba da labarin wasa

Duk wanda ya saurari kokowar takobi a radiyo ya san darajar mai ba da labari. Shi ne idon wanda bai je fage ba. A damben keji ma haka ne. Mutum biyu ko uku ke zaune bakin keji, suna faɗa wa duniya abin da ke gudana. Ana ce musu masu sharhi. Su ma ga yadda ta kasance da su.

Mike Goldberg ya fara ba da labarin wasan UFC a shekarar 1997, lokacin da kamfanin ba shi da komai. Ya yi shekara 19 yana wannan aiki. Duk mai kallo ya san muryarsa. Ranar 30 ga Disamba 2016 ya yi aikinsa na ƙarshe. Sababbin masu kamfani ba su sabunta takardarsa ba. A daren, ba a tsaya an yi masa bankwana a gaban masu kallo ba. A 2017 ya koma wani kamfani mai suna Bellator.

Abokin aikinsa Joe Rogan ya faɗa da bakinsa cewa da ya fara sharhi a 2002, wasannin farko kyauta ya yi su. Tikitin shiga kawai ake ba shi, shi da abokansa. Daga baya aka fara biyansa. Ya zama attajiri, amma mafi yawan arzikinsa daga wani shirin hira nasa na kansa ya fito, wanda yake yi a intanet. Yana da gonarsa ta daban, shi ya sa ba ya tsoron sallama.

Wani mai sharhi, Jimmy Smith, an ɗauke shi a 2018. Shekara 1 ya yi aka bar shi. Ya ce an gaya masa kamfani ya fi son tsofaffin ƴan wasansa su riƙa yin sharhi.

Wannan kujera ta taimaki wasu tsofaffin ƴan wasa ƙwarai. Michael Bisping, mutumin Ingila, ya ji ciwo a idon dama a wani wasa a Birazil a 2013. Idon ya mutu. Ya ɓoye abin, ya ci gaba da wasa da ido guda, har ya ci kambu a 2016. Ya bar wasa a 2018, ya zama mai sharhi. Daniel Cormier, wanda ya riƙe kambu biyu, shi ma sharhi ya koma da ya bar wasa a 2020. Sai dai kujerun ba su da yawa. Ƴan wasa ɗaruruwa ne, kujerun sharhi kuwa ana iya ƙirga su da yatsu. Sai mai suna, mai iya magana, wanda kansa bai taɓu ba. Kuma mai sharhi a hannun kamfani yake ci. Wanda ke ci a hannun mutum, da wuya ya faɗi laifinsa a bainar jama'a.

Wanda ya yi magana

A watan Yuli na 2015 kamfani ya kawo sabuwar doka. Da can ɗan wasa yakan sa tallar ƴan kasuwa a wandonsa, su biya shi. Wasu abin da suke samu a talla ya fi kuɗin wasan. Sai kamfani ya ƙulla ciniki da masu yin tufafi na Reebok, ya ce kowa kayansu zai sa. Sabon shiga aka yanka masa dola 2,500 a kowane wasa, zakara dola 40,000. Da yawa suka yi asara.

Akwai wani dattijo, Jacob Duran, mai aikin tsayar da jini. Shi ke shiga keji tsakanin turmi da turmi, ya toshe rauni, ya kwantar da kumburi. Shi ma yana sa talla a rigarsa. Ya gaya wa ɗan jarida cewa sabuwar doka ta hana su wannan kuɗi, kuma ba a ba su komai a madadinsa ba. Cikin kwana kaɗan aka sallame shi.

Wata ƴar wasa, Leslie Smith, ta fara tara sa hannun ƴan'uwanta a 2018 don su kafa ƙungiya. A watan Afrilu na shekarar, wasanta na ƙarshe a takarda ya lalace, don abokiyar karonta ta wuce nauyi. Kamfani ya biya ta kuɗin wasan duka, ya ce kwangila ta cika, bai sabunta ba. Ta kai ƙara hukumar ƙwadago, ba ta yi nasara ba. Ƙungiyar ba ta kafu ba. Sauran ƴan wasa suka gani, kowa ya kama bakinsa.

Shari'ar shekara goma

A watan Disamba na 2014 wasu tsofaffin ƴan wasa, Cung Le da Nate Quarry da Jon Fitch, suka kai UFC kotu. Suka ce kamfanin ya sayi abokan gasarsa, ya ɗaure ƴan wasa da dogayen takardu, har ya zama kasuwa mai saye ɗaya ce. Manomi ya san wannan. In mai sayen gujiya ɗaya ne a kasuwa, farashin da ya faɗa shi ne farashi. Kamfani ya musanta.

Aka yi ta shari'a shekara 10. A watan Maris na 2024 kamfani ya yarda zai biya dola miliyan 335 a kashe magana. Alƙali Richard Boulware ya ƙi, ya ce kuɗin ya yi kaɗan. Aka koma ciniki, aka kai dola miliyan 375. A nan ne tsofaffin ƴan wasa da yawa suka rubuta wa alƙali takardu, suna roƙo ya yarda. Wasu suka ce ba su da kuɗin likita. Wasu suka ce kansu ya taɓu, ba sa iya riƙe aiki. Wasu suka ce bashi ya yi musu katutu, ba za su iya jiran wasu shekaru ba. A watan Fabrairu na 2025 alƙali ya sa hannu.

Kuɗin ya kai wajen miliyar 225 a kuɗin Nijar. Lauyoyi suka ɗauki kusan sulusi. Sauran aka raba wa ƴan wasa fiye da 1,000, waɗanda suka yi wasa daga ƙarshen 2010 zuwa tsakiyar 2017. An raba gwargwadon abin da kowa ya samu a da, da yawan wasanninsa. Kamfani bai amsa laifi ba. Biya ne na sau ɗaya, bai kafa fansho ba. Waɗanda suka yi wasa kafin 2010, wato waɗanda suka share gonar tun tana daji, ba su cikin rabon. A 2021 an shigar da wata ƙarar domin waɗanda suka yi wasa daga 2017.

Ɗan Kamaru da ya ce a'a

An haifi Francis Ngannou a 1986 a garin Bace na ƙasar Kamaru. Tun yana yaro yake haƙar yashi don ya samu kuɗin makaranta. A 2012 ya kama hanyar Turai. Ya bi ta Najeriya, ya ratsa ƙasar Nijar, ya ƙetare hamada zuwa Aljeriya da Maroko. Ya sha ƙishirwa, ya sha kamu. Sai da ya yi wajen shekara a hanya kafin ya ƙetare ruwa, aka tsare shi wata 2 a ƙasar Sifen. Ya isa Faris a 2013, yana kwana a wurin ajiye motoci. Shi ya tsira. Da yawa da suka bi wannan hanya ƙasusuwansu na cikin rairayi da teku.

A watan Maris na 2021 ya zama zakaran masu nauyi na UFC. A watan Janairu na 2022 ya kare kambunsa da gwiwa mai ciwo, kuɗin da aka bayyana dola 600,000 ne. Da aka zo sabunta takarda, ya nemi abu uku bayan kuɗi: inshorar lafiya ga ƴan wasa, izinin sa talla, da wakilin ƴan wasa a wurin da ake yanke shawara. Ba a ba shi ba. Dana White ya ce sun yi masa tayin da ya fi na kowane mai nauyi a tarihin kamfanin. A watan Janairu na 2023 Ngannou ya ajiye kambu ya fita.

Mutane da yawa suka ce ya yi wauta. A watan Mayu na 2023 ya sa hannu da wani kamfani mai suna PFL. Cikin sharuɗɗansa har da cewa duk wanda zai kara da shi, a biya shi aƙalla dola miliyan 2. A watan Oktoba na shekarar ya yi damben hannu da Tyson Fury a Riyad ta Saudiyya. Jaridu sun ce ya samu wajen dola miliyan 10 a dare ɗaya. Amma Ngannou zakara ne mai suna, kowa na nemansa. Ƙaramin ɗan wasa in ya ce a'a, akwai ɗari a bakin ƙofa masu jiran gurbinsa.

Rumbun tsimi na Kalifoniya

A shekarar 2000 Amurka ta yi wata doka da sunan Muhammadu Ali, don kare ƴan damben hannu. Dokar ta tilasta mai shirya wasa ya nuna wa ɗan dambe kuɗin da wasansa ya kawo. Amma ba ta haɗa da damben keji ba.

Jahar Kalifoniya ta yi nata ƙoƙarin. A watan Oktoba na 2023 gwamnanta ya sa hannu a dokar kafa asusun tsufa na ƴan damben keji. A kowane tikitin shiga kallo ana cire dola 1 a zuba cikin asusu. Wanda ya tara turmi 39 a wasannin cikin jahar, wato kamar wasa 13, yana da rabo. In ya kai shekara 50 sai ya karɓa. Kamar rumbun tsimi ne na ƙauye: kowa ya zuba tiya da kaka, a buɗe lokacin da ciki ya ɗauri. Asusun ƙarami ne, kuma jaha ɗaya ce cikin 50. Amma doka ce ta kafa shi, canjin mai gida ba ya rushe shi.

Abin da kamfani ke cewa

Adalci ne a ji ta bakin kowa. Masu UFC na cewa da suka sayi kamfanin asara yake yi, su suka zuba dukiyarsu har wasan ya samu karɓuwa. Suna cewa babu kamfanin damben keji da ya kai su biya, kuma suna ba da tukuici ga wanda ya yi wasa mai kyau. A 2017 sun buɗe babban gidan horo a Las Begas, inda ɗan wasa ke samun abinci da gashin jiki kyauta. Suna kuma ba da kuɗi ga likitocin da ke binciken ciwon ƙwaƙwalwar ƴan dambe. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai mafi yawansa mai ƙarfi yake amfana, wanda ke cikin keji yau. Tsohon da ya fita, shi ne har yanzu ake gardama a kansa.

Abin lura

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Nijar an fara kokowar takobi ta ƙasa a 1975 a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Kowace shekara ƴan kokowa 80 ke haɗuwa, 10 daga kowace jaha. Ɗaya ne ke tafiya da takobi. Kokowa ba ta da naushin kai, wannan sauƙi ne babba. Kuma mafi yawan ƴan kokowa manoma ne da makiyaya, in ƙarfi ya ƙare gona na nan, garke na nan. Amma gwiwa da baya da kafaɗa suna tsufa a kowane fage. Haka muryar makaɗi da ta mai ba da labari.

Saboda haka ga abu huɗu da labarin Amurka ke koyarwa.

Na ɗaya, ƙarfi baƙo ne. Saurayin da ya samu kyauta a fage, ya mai da ita saniya ko gona ko amalanke tun hannunsa na da danshi. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Na biyu, alkawarin baki yana tafiya da mai bakin. Abin da aka rubuta shi ke zama. Liddell da Hughes da Fisher sun ga haka.

Na uku, kada mutum ya dangwala yatsa a takardar da bai karanta ba, ko ta wasa ce, ko ta bashin taki, ko ta jinginar gona. Ya tambaya: shekara nawa ta ɗaure ni? In na ji ciwo, wa zai biya? In ina son fita, ta wace ƙofa? Wanda ya iya karatu da lissafi shi ke iya yin waɗannan tambayoyi. Ajin yaƙi da jahilci a buɗe yake.

Na huɗu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƴan ƙwallo masu ƙungiya sun samu kusan rabi. Ƴan keji marasa ƙungiya sun tsaya a kashi 20. Kuɗin da suka samu a 2025 ma, sai da suka haɗa kai suka tsaya shekara 10 gaban alƙali.

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa. A tattauna shi a aji da dandali, musamman da samari masu sha'awar fage. A kuma tuna da tsofaffin ƴan kokowa da makaɗa na cikin gari, a gaishe su, a duba halin da suke ciki. Allah ya sa a gama da ƙarfi lafiya, ya ba da damina mai albarka.